DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: YADDA TSOHON KATAKO YA RUFA MINI ASIRI RANAR JERE

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga ita ma soyayyar tana ciki. Labarin katako ne. E, katako, tsohon katako ma kuwa, irin wanda ake jinginewa a bayan ɗaki har a manta da shi, ko a faskara a dafa tuwo. Na san wata tana karantawa za ta taɓe baki ta ce, "To mu ina ruwanmu da aikin kafintoci?" Haƙuri za ki yi 'yar uwa, ni ma haka na ɗauka da farko, sai da na ga aurena yana neman tsayawa saboda gado da sif, sannan na san ruwana ne har tsundum.

DAREN DA NA JI BABA YANA LISSAFI

Ni ce ta uku a gidanmu. Yayyena biyu mata duk Baba ya aurar da su, ya yi musu kayan ɗaki daidai ƙarfinsa, da yake tela ne mai rufin asiri. A ƙarshen shekarar 2023 aka sa tawa ranar, aka ce biki sai bayan Babbar Sallah ta 2024. To kowa ya san yadda abubuwa suka koma bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kuɗin mota ya tashi, shi kuwa yawancin katakon da ake aiki da shi a Kano daga kudancin ƙasar nan ake ɗauko shi a manyan motoci, don haka shi ma ya bi sahu. Madubi ya tashi, gam ya tashi, katifa kam ba a magana. Kuɗin da Baba ya daɗe yana tarawa da sunan kayana, da aka je aka taya, ko rabin saitin gado da sif da madubi bai kai ba.

Wani dare na fito zan ɗauki buta, sai na jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa yana ce wa Inna, "Ni dai abin da na yanke, keken nan babba zan sayar. In ya so na ci gaba da lallaɓawa da ƙaramin."

Inna ta ce, "Haba Malam, ka sayar da abin da muke ci da shi? Ai gara a yi aron kaya a yi jere, in an kwana biyu a mayar, ko kuma a roƙi mutanen nan su ƙara mana wata shida."

Baba ya yi shiru can ya ce, "Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗaga biki kuwa, kin san bakin mutane."

Wallahi ban san lokacin da na koma ɗaki ba, butar ma ban ɗauka ba. Na kwana ina kuka a cikin filo don kada ƙannena su ji. Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. Duk wadda ta san dalilin da ya sa gwamnatin Kano ta fara auren gata tun 2012, har aka ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure a watan Oktoban 2023, ta san kayan ɗaki na cikin manyan abubuwan da ke tsayar da aure a ƙasar nan, shi ya sa gado da katifa suke cikin abin da ake bai wa amaren. Da yawa akwai manemi, akwai so, akwai sadaki, amma uba ba shi da abin da zai kai 'yarsa da shi.

ƊAKIN KAKA

Bayan kwana uku Inna ta aike ni cikin gari wajen Gwaggo, wadda take zaune a tsohon gidan kakanninmu. Gidan ƙasa ne, kuma ɗakin marigayiya Kaka ya rufta tun daminar 2023, a cikin ruwan Agusta. An kwashe ƙasar, an tara abin da ya fito a gefen zaure: azara, ƙyauren ƙofa biyu, tagogi, wani tsohon gado da ƙafarsa ɗaya ta karye, da wata doguwar kanta da Kaka take jera tasoshinta a kai. Ina shiga na tarar da mai wainar unguwar tana tayawa, wai za ta kai a faskara mata.

Ban san abin da ya kai hannuna kan ƙyauren nan ba. Na yi niyyar matsar da shi ne in wuce, sai na ji ya ƙi motsi, nauyi kamar an dasa shi. Akwai wani dattijon kafinta da ke da rumfa a ƙofar gidan, tun muna yara muke ce masa Baba Kafinta. Na leƙa na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah zo ka duba mini wannan, me ya sa ya yi nauyi haka?"

Ya zo da kurfinsa ya ɗan kankare gefe. Sai ga wani jan katako ya bayyana a ƙarƙashin dauɗar, sumul, ko huda ɗaya babu. Ya girgiza kai ya ce, "'Yata, wannan ai madaci ne. Kin ga ƙyauren nan ya girmi mahaifinki. Yanzu ko da kuɗinki sai kin sha yawo kafin ki samu mai kauri da faɗi irin wannan. Wa ya ce a ƙona shi?"

Nan ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban samu a makaranta ba. Ya ce sabon katako da yawa ɗanye ake yanko shi, a sayar, a haɗa gado da shi bai gama bushewa ba, shi ya sa in hunturu ya busa sai ki ga ƙofar sif ta karkace, gado ya fara ƙara. Tsohon katako kuwa ya sha rani da damina shekara da shekaru, duk motsin da zai yi ya riga ya yi. Ita kuma azara, wato jikin giginya da ake tsagawa, musamman na namijin giginya, gara ba ta cika iya mata ba, shi ya sa magina na da suke rufi da ita. Ya ce in ina shakka in je Gidan Makama in ɗaga kai, ko in tambayi labarin Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, in ji da me aka ɗaure bakan gizonsa.

Ina dawowa gida na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, don Allah kada a sayar da keken. Ina da shawara." Da na gama bayani sai ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Shawararki ta yi. Amma kayan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, na magada ne. Ko tsinke ba za mu ɗauka ba sai da yardar kowa."

Ku riƙe wannan 'yan mata, shi ne darasi na farko. Tsohon katako ko a juji kika gan shi yana da mai shi. Baba ya bi 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo da Baffa babba suka ce sun yafe, gudummawarsu ke nan. Baffa ƙarami ya ce shi dai a yi wa kayan kuɗi a ba shi rabonsa. Ba mu ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne. Aka kira Baba Kafinta ya yi musu kuɗi, aka ba shi nasa, magana ta ƙare.

INA AKE SAMUN TSOHON KATAKO?

Abin da muka samu a ɗakin Kaka ya isa gado da fuskar sif, amma bai isa sauran ba. Sai ni da ƙanena muka shiga nema, kuma ga wuraren da muka gano.

Na farko, gidan da ake rushewa ko ake sauya wa rufi. A cikin gari kullum ana rushe ginin ƙasa ana tayar da na bulo, kuma sau da yawa mai gida so yake a kwashe masa tarkacen. A yi sallama a nemi mai gidan da kansa, ba leburan da ke aikin ba.

Na biyu, wuraren gini. Katakon da aka yi dakin da shi, in an cire, akan sayar da shi da rahusa. Siminti ne kawai ya manne masa, in an kankare yana yin kantar kicin da bencin tsakar gida.

Na uku, kasuwa. A Ƙofar Ruwa ana samun tsofaffin ƙofofi da tagogi da sauran kayan gini na hannu. A 'Yan Katako ta Na'ibawa kuwa, ban da sabon katako, akwai masu injin yanka da na gogewa, kuma a wajensu ake samun guntayen da suka rage, waɗanda suke isa kujerar tsugunne ko firam ɗin madubi.

Na huɗu, katakon da kamfanoni suke ɗora kaya a kai, wanda ake kira falet, da akwatunan da ake shigo da injina ko gilashi a ciki. Ana samun masu sayar da su a wajajen masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Challawa. Amma a nan akwai abin lura. Falet ɗin da ya tsallako daga wata ƙasa yana ɗauke da hatimi a gefensa. In kika ga haruffan HT, ma'anarsa gasa shi aka yi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari, wannan ba shi da matsala. In kuwa kika ga MB, hayaƙin wani maganin ƙwari mai guba aka turara masa, ki bar shi, kada ya shiga ɗakinki balle kicin. Haka duk wanda kika ga tabon mai ko wani sinadari a jikinsa, ko yake wari.

Akwai kuma wanda ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa: katakon turken lantarki da na layin dogo, domin an jiƙa su da maganin da bai dace da cikin ɗaki ba, kuma ma dukiyar hukuma ce. Haka bencin makaranta. Ku da kuke zaune a aji kun fi kowa sanin yadda ake rububin wurin zama, duk wanda ya kawo miki katako mai rubutun ɗalibai a jiki, ki san inda ya fito.

ARAHA BA TA ADO

Kada ku ɗauka komai ya tafi mini daidai. Rannan a wani wuri da ba zan ambata ba, wani ya nuna mana allunan wani tsohon gado, an shafe su da fenti suna ta sheƙi, ya faɗi kuɗi kaɗan. Ƙanena ya ce mu bari Baba Kafinta ya gani tukuna. Na ce, "Kai dai ka cika tsoro, kafin mu dawo wani ya saye." Na biya, muka ɗora a adaidaita sahu, na shigar da su har ɗakinmu na jingine.

Kwana huɗu ƙannena suka fara susa. Inna ta haska tocila a mahaɗar allunan, sai ga kuɗin cizo jere kamar an yi musu gayya. Da muka fito da su tsakar gida kuma sai ga wani gari mai laushi yana zuba daga wasu ƙananan huda kamar na allura. Ashe ƙwaro ya cinye cikin, fentin ne kawai ya riƙe su. Ranar na sha faɗa wajen Inna, muka kwana biyu muna shanya katifu muna zuba tafasasshen ruwa a lungu-lungu. Kuɗina kuwa sun tafi, allunan murhu suka ƙare.

Baba Kafinta ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Zauna in koya miki." Ga abin da ya koya mini, ni ma na ba ku kyauta:

Ki ɗaga ki ji nauyi. Katakon da ya yi sakayau fiye da girmansa, an cinye cikinsa.

Ki ƙwanƙwasa da guduma. Mai lafiya yana amsawa tas, wanda ya lalace kuwa sai ki ji kamar kin bugi ganga.

Ki danna bakin ƙusa a ƙarshensa da duk inda ya taɓa ƙasa. In ta shige ba wahala, ya ruɓe.

Ki duba huda da gari, ki duba hanyar jar ƙasa irin wadda gara take ginawa.

Ki runtse ido ɗaya ki hango tsawonsa daga ƙarshe, kamar mai saita bindiga. Nan za ki ga ko ya karkace ko ya murɗe.

Sabon fenti a kan tsohon katako abin zargi ne. Ki ce a kankare miki gefe ki gani.

Sannan ko ya ci duk wannan jarrabawar, kada ya shiga ɗaki ranar da aka kawo shi. A wanke shi da burushi da ruwan sabulu, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗai, a jera shi a kan bulo a inda iska take ratsawa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki da ɗan uwansa, a bar shi mako biyu ana dubawa.

HATTARA DA ƘUSA DA TSOHON FENTI

Tsohon katako ba ya rabuwa da ƙusa, wata ma ta karye a ciki ba a ganinta. Ƙanena ya ciro maganaɗisu daga wata matacciyar sifika, muna bi da shi a jikin katakon, duk inda ya kama mu sa alama da alli mu zaƙulo. Masu injin gogewa ba sa karɓar katakon da ba a cire wa ƙusa ba, domin guda ɗaya ta isa ta ɓata musu wuƙa.

Ni kuwa ganda ta sa na shiga wurin aikin da silifas, ƙusa ta huda shi ta shige mini tafin ƙafa. Inna ta ce a ɗaure da tsumma, Yaya ta ce a'a, sai asibiti. Aka wanke ciwon, aka yi mini allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora, wanda ake kira tsinkau-tsinkau. Ma'aikaciyar ta ce mini ba tsatsar ce take kawo shi ba, ƙwayar cutar a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi take, rauni mai zurfi irin na ƙusa ne yake ba ta wurin zama. Tun daga ranar ban ƙara taɓa katako ba sai da rufaffen takalmi.

Shi kuma tsohon fenti, musamman mai maiƙo na ƙofofi da tagogi, yana iya ƙunsar dalma. Ba mu manta abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara da masu ciki ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Don haka kada a goge tsohon fenti a bushe ƙura tana tashi, kada kuma a ƙona shi. A jiƙa shi, a kankare a waje a kan leda, a rufe hanci, a kore yara, a tattara a ƙulle a zubar, a wanke hannu kafin a ci abinci.

WANDA NA YI DA HANNUNA, DA WANDA NA BAR WA MASU SHI

Gaskiya ɗaya ce, ban haɗa gado da sif da kaina ba. Waɗannan aikin gwani ne, rai ake ɗorawa a kai. Ƙyauren Kaka guda ɗaya shi Baba Kafinta ya mayar allon kan gado, ɗayan ya tsaga ya yi fuskar sif, tsohon gadon ya ba da gefuna, muka sayi sabon katako kaɗan aka cike. Kuɗin aiki da na ƙusa da gam da madubi kawai Baba ya biya. Kafin ya fara sai da ya ce a faɗa masa girman katifa da girman ɗakin da za a kai ni, har da faɗin ƙofa. Ya ce ya sha ganin sif ɗin da aka kai gidan amarya ya ƙi shiga.

Azara kuwa ba ta yin kayan ɗaki, tana da tsiraye masu shiga hannu, kuma ƙusa tana tsaga ta. Da ita aka yi wa Inna rumfar girki a tsakar gida, abin da ta shekara biyar tana roƙo.

Abin da na yi da hannuna su ne kantar kicin, wurin ajiye takalma, kujerun tsugunne biyu, da firam ɗin madubi. Kayan aikin ba su da yawa: zarto, guduma, filaya, tef na awo, fensir, sanfefa, gam ɗin katako, burushi da banish. Ɗan abin da aka koya mana a darasin fasaha a ƙaramar sakandare, wanda muke zama a baya muna hira, shi ya dawo ya yi mini rana.

Ga yadda na yi kantar, don mai son gwadawa. Na yanka falanki biyu masu tsawon ƙafa huɗu su zama gefuna, da wasu huɗu masu ƙafa uku-uku su zama hawa, dukkansu faɗin inci goma. Kada hawa ya wuce ƙafa uku in kaurin falankin inci ɗaya ne, in ba haka ba tukwane za su lanƙwasa shi a tsakiya. Na ja layi a jikin gefunan inda kowane hawa zai zauna, na kafa 'yan guntaye a ƙarƙashin layin su tallafe shi. Na shafa gam, na ɗora, na buga ƙusa. A baya na gicciya siririn katako daga kusurwa zuwa kusurwa, shi ne yake hana ta rawa. Hawan ƙasa na ɗaga shi inci huɗu don tsintsiya ta shiga, ruwa kuma kada ya taɓa shi.

Dabaru uku da na koya da hawaye: ki auna sau biyu kafin ki yanka sau ɗaya, domin na taɓa rage inci ɗaya na ɓata falanki sukutum. In katakon mai tauri ne, ki ɗan daki tsinin ƙusar da guduma ya dakushe, ki goga mata sabulu, ba za ta tsaga shi ba. Sanfefa kuma a bi da ita yadda zanen katakon ya tafi, a fara da mai kaushi lamba 80, a koma 120, a gama da mai laushi 220. Bayan nan a share ƙurar da ɗanyen tsumma, a shafa maganin gara irin su Solignum a ƙafafu da baya, a waje, a bari warin ya fita. Baƙin mai da wasu suke shafawa a bar wa turken rumfa, ba na cikin ɗaki ba ne. Banish shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne sai ya bushe a ƙara wani, kuma in da hunturu ne a nemi inda ƙura ba ta sauka.

Gwaggo tana ganina da burushi ta ce, "Oh ni! 'Yan matan yanzu. Ana shirin kai miki gara, ke kina yaƙi da gara." Muka yi ta dariya.

SHI FA, YA SANI?

Wannan ita ce tambayar da ƙawayena suka fi yi mini. Wata ma cewa ta yi, "Kada ki kuskura ki faɗa masa, raina ki zai yi." Na kwana biyu ina juya maganar. Rannan ya zo zance ya ga ina ɗingishi, ga hannuna duk ya yi kanta. Ya ce, "Ranki ya daɗe, noma kika fara ne ban sani ba?"

Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, tun daga daren da na ji maganar keken Baba. Na ce in yana ganin abin kunya ne a wajen danginsa, gara ya faɗa tun yanzu. Ya yi shiru har gabana ya fara faɗuwa, can ya ce, "Matar da ta hana a sayar da keken mahaifinta, ai ba za ta bari a sayar da nawa ba. Ranar Asabar zan zo in taya ƙanenki gugar katako." Ya kuwa zo, ya koma gida fari fat da ƙura kamar an tono shi.

RANAR JERE

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun kafin azumi muka gama komai. Ranar jere 'yan uwa suka kwashi kaya, ni ina gida gabana yana dukan uku-uku. Yaya ce ta ba ni labari da daddare. Ta ce da aka kafa gadon, jan madacin nan ya sha banish yana ɗaukar ido, sai wata gwaggon ango ta shafa allon ta ce, "Wannan a wane shago aka saya? Irin na gidan mahaifinmu ne sak, rabon da in ga irinsa an daɗe." Gwaggonmu ta buɗe baki za ta yi kwana, sai Yaya ta riga ta ta ce, "Ƙyauren ɗakin kakarmu ne, Hajiya. Kantar kicin kuwa amarya ce ta yi da hannunta."

Ɗaki ya yi tsit. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai waɗanda suka taɓe baki, kuma daga baya na ji an sa mini suna "amarya mai kayan juji". Ya yi mini ciwo, na yi kuka. Amma tsohuwar nan cewa ta yi, "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka," ta hau gadon ta zauna ta jijjiga shi, ko ƙis bai yi ba. Damina ta wuce, hunturu ya zo ya wuce, ƙofar sif ɗina tana rufuwa yadda aka kawo ta. Ɗaya daga cikin masu sa mini sunan ma ta aiko a tambaye ni inda Baba Kafinta yake, na kwatanta mata.

JAN HANKALI

'Yan uwana, ban ce kowa ta je ta rushe ɗakin kakarta ba, ban kuma ce sabon kaya laifi ba ne ga wanda Allah ya hore wa. Cewa nake daidai ruwa daidai tsaki. Kafin ki sa mahaifinki a gaba da kuka sai an yi miki irin na wance, ki tambayi kanki me zai sayar, wa zai ci wa bashi, kuma shekara nawa zai yi yana biya bayan 'yan kallo sun watse. Ke kuma 'yar makaranta, kada ki jira sai an sa rana. Wannan hutun ki duba bayan ɗakinku, ki nemi izini, ki fara da kujerar tsugunne ko 'yar kantar littattafanki. Ta farko za ta karkace, tawa ma ta karkace, tana nan a kicin ina zama a kanta ina yanka albasa.

Keken Baba kuwa yana nan a shagonsa, da shi ya ɗinka mini kayan fitar biki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.